Amsar Tambaya: Tsohuwar Hilux a hanyoyin Rano da Kibiya

Mai karatu daga Kibiya ya tambaya ko tsohuwar Hilux za ta iya dakon hatsi zuwa kasuwar Rano ba tare da gyara ya cinye ribar ba.

Injin irin wannan mota yana da juriya, amma ƙasanta ne ke fara gajiya, domin gargadar hanyar burji tana kashe shakazoba da bushin, wato robobin da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe, kuma alamar ita ce ƙara idan an faɗa rami. Wannan gyara mai sauƙi ne. Mai cin kuɗi shi ne zafin inji: idan ƙurar rani ta toshe lagireto aka ci gaba da tafiya, gasket ɗin kan inji yana ƙonewa har baƙin mai ya koma kamar madara, sai an sauke kan inji. Giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ita ma tana lalacewa idan ana tafiya da ita a kan kwalta.

Kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa sun yi tsada tun faɗuwar naira a 2023, saboda haka kada mai tambaya ya biya kuɗin sayen motar sai bakanikensa ya shiga ƙarƙashinta.