Batirin injin feshi: abin da ke kashe shi da yadda ake kula da shi

Ƴan'uwa manoma, injin feshi mai batir ya sauƙaƙa mana aiki. Ba sai hannu ya gaji da bugun famfo ba. Amma ga abin da ke faruwa da da yawa daga cikinmu, daga Tibiri har Dogon Dutsi. Wake ya soma fure a watan Agusta, ƙwari sun sauka a kansa, manomi ya ɗauko injinsa daga inda ya ajiye shi tun kaka, sai ya tarar batir ya mutu. Kafin ya sami kuɗin sabo, furen ya zube.

Galibi ba aiki ne ya kashe wannan batir ba. Ajiya ce.

Yawancin injinan feshi suna da batir mai ƙarfin bolt 12. A cikinsa akwai falle-fallen dalma da ruwan asid. Duk lokacin da wuta ta ragu, wani farin abu kamar gishiri yana taruwa a jikin dalmar. In an yi caji da wuri, abin yakan narke. In kuwa an bar batir babu wuta wata da watanni, sai ya daskare kamar dutse, batir ya daina karɓar caji. Ku sani kuma, ko ba a taɓa batir ba, wutarsa tana tsiyayewa da kanta, kamar ruwa a sabuwar randa. Zafi yana ƙara saurin tsiyayewar. Masana sun ce in zafin wurin ajiya ya haura digiri 25 da kamar digiri 10, ran irin wannan batir yakan ragu da rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano.

Saboda haka, ranar da kuka gama feshi, a ranar za ku yi caji. Kafin ajiya ku cika batir, ku sa shi a ɗakin ƙasa mai sanyi, inda rana ba ta shiga. Kowane wata ku sake yi masa caji, ko da rani ne. Wanda ke noman rani a fadamun Dallol Mawri ya huta da wannan, domin injinsa ba ya kwana da yawa. Ku riƙa goge bakin wayoyi da busasshen tsumma.

Ana iya farfaɗo da batirin da ya raunana? Wani lokaci. Ku kai wa mai gyara ya auna. Cikakken batir yana nuna kusan 12,7. In ya nuna 12, ya kusa ƙarewa, amma doguwar caji a hankali tana iya maido shi. In ya faɗi ƙasa da 10,5 ya daɗe a haka, da wuya ya koma kamar da. Batirin injin feshi a rufe yake, ba a buɗe shi. Babban batirin sola mai marufai ne ake ƙara wa ruwa, shi ma tataccen ruwa na kwalba da masu kayan mota ke sayarwa. Ruwan rijiya yana ɓata shi.

Kafintoci kuma, batirin injinku na huda katako wani iri ne, na litiyom. Mai bolt 18 yana da ƙwayoyi biyar a jere, wani goma. Ƙwaya ɗaya in ta mutu, duka sun tsaya. Gwanin gyara yana iya sauya ƙwayoyin da sababbi iri ɗaya. Wannan batir ba ya son a bar shi fanko, ba ya kuma son doguwar ajiya a cike cikin zafi. Rabin caji ya fi masa. Ku bar shi ya huce kafin caji, da cajarsa ta asali. Dabarar nan ta haɗa mataccen batir da mai rai da waya don a tashe shi, ni ban yarda da ita ba, tana iya haddasa gobara. Wanda ya kumbura ko yake wari, ku fitar da shi daga ɗaki, nesa da rumbu da darni.

Saura maganar lafiya, wadda ta fi ta kuɗi nauyi. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da yara ƙanana da mata masu ciki. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun ba a ga alama ba. A wata unguwa ta Dakar, a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, saboda ana fasa tsofaffin batura a kusa da gidaje don a cire dalma. Kada ku fasa mataccen batir, kada ku ƙona shi, kada ku bar wa yara su yi wasa da shi. Kwalinsa ba mazubin ruwan kaji ba ne. Ku mayar da shi ga mai saye yadda yake, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

In ruwan asid ya fantsama wa wani a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sannan a garzaya da shi gidan likita mafi kusa.