Yadda ake kiwon karfasa da dusa da ganye a yankin Dutse

A kogin Amazon na ƙasar Brazil akwai wani ƙaton kifi, tambaki, da ke ƙiba da 'ya'yan itatuwan da suke zubowa idan ruwa ya malale daji. Manoman can sun rungumi kiwonsa saboda tsirrai ne cimarsa. A wajenmu karfasa ce mai irin wannan hali, kuma ita ta fi dacewa da wanda tsadar buhun abincin tarwaɗa ta dame shi.

Fara da ƙasa. Yawancin ƙasar Dutse jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Nemi fadama mai laka, kamar ta wajen Warwade ko Kiyawa, ka dunƙula danshinta a hannu. In ba ta wargaje ba, za ta yi. Haƙa rami mai zurfin mita 1 zuwa 1.5, ka daɓe shi sosai. In yashi ne, shimfiɗa tamfol.

Bayan ka cika ruwa, ɗaure kashin kaji a buhu ka jefa ciki. Cikin mako biyu ruwan zai yi kore, wannan koren kuwa abinci ne. Tsoma hannu har gwiwar hannu: in kana hango tafinka ƙara taki, in ya ɓace tun kafin nan cire buhun.

Zuba 'ya'yan kifi a Maris ko Afrilu, biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita, domin su samu watanni shida na ɗumi. Da hunturu ya kama karfasa takan rage ci, girma ya tsaya.

Wajen haihuwa ne mutane da yawa suke asara. Macen karfasa tana soma haihuwa tun tana 'yar ƙarama, tana renon ƙwai a bakinta, sai rami ya cika da ƙanana marasa kasuwa. Saboda haka nemi maza zalla a wurin masu ƙyanƙyasa. In ba ka samu ba, jira su tasa, ka sa 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa cinye sababbin haihuwa.

Ciyar da karfasar safe da yamma a wuri ɗaya: dusar shinkafa da tunkuza, sai yankakken ganyen zogale. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. In ka ga suna haki a saman ruwa da asuba, dakatar da abinci, ka sauya ɓangaren ruwan.

A Oktoba rage ruwa, ja taru, ka fara sanar da masu suya da masu banda kafin ranar kamu.