Darasi: Lambu A Tsakar Gida

Jama'a, daga watan Maris zuwa Mayu zafin bazara yakan tsananta a Katsina. Ruwa yana wuya, ganyen miya yana tsada. Amma ko a cikin birni, inda gidaje ke matse, kana iya yin lambu a buhu.

Ga yadda ake yi:

1. Samo tsohon buhu ko fasasshen bokiti. Huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa.
2. Haɗa ƙasa kwano 2 da ruɓaɓɓen takin awaki kwano 1.
3. Shuka alayyahu, yakuwa ko rama.
4. Ajiye inda ranar safe ke faɗawa, nesa da kaji da awaki.
5. Yi ban-ruwa safe da yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa. Banda ruwan sabulu.

Cikin mako 4 za ka fara tsinkar alayyahu. Ganye yana ƙara jini, musamman ga masu juna biyu da yara. Kuɗin cefane zai ragu. Ga kuma daɗin zama da maraice kusa da koren ganye.

Abin da ka shuka shi za ka girba.

Tambaya: Don me ake huda gindin buhu?