Kafin Ka Tafi Neman Makullin Taga

Ɗana, na ji an ce tagar ɗakin yara ta daina kulluwa, har kun ɗaure ta da waya. Ba komai, gida ya gaji haka. Amma kada a bar ta ta kai damina. Iskar hadari takan fizgi marfin ta maka shi da bango, gilashi ya tarwatse, ƙaramin gyara ya koma babban aiki. Ga sauro, ga mai dogon hannu. Ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka yi saurin ɗora wa makullin laifi. Tagar da ake turawa waje, duk nauyinta a kan hinji yake. In hinjin ya ci, marfin yakan ɗan sunkuya, harshen makullin ya daina samun gurbinsa. Tallafo marfin da hannu ka rufe. In ya kullu, to makullinka lafiyarsa ƙalau, hinji za ka nema.

In kuwa makullin ne ya karye, kwance shi ka sa a aljihu, har da sukurorinsa. In tsatsa ta riƙe su, ɗiga musu kananzir su kwana, da safe za su saki. Bayanin baki ba ya sayen kayan taga, hoton waya ma ba ya nuna awo. Hannun taga akwai na dama, akwai na hagu. Tazarar ramukan sukuru ma ba ɗaya ba ce. Ɗora sabo a kan tsoho a gaban mai shago, ka ga rami ya hau rami. Gani ya kori ji.

A Kano ka nufi Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma Panteka. Tsofaffin tagogin ƙarfe irin na gidajen gwamnati na da, wasunsu ƙirar kamfanin Crittall ne na Ingila, samun sabon kayansu sai an sha wuya. Tambayi masu sayar da tagogin da aka ciro daga gidajen da aka rushe. A nan ake dacewa da hannun tagulla mai nauyi, wanda zai iya kai jikokinka. Sandar da ke tokare marfi kuwa, mai walda zai ƙera maka ita in ka ba shi tsohuwar.

Ta alminiyom ta fi sauƙi. Hinjinta mai zamewa yana zuwa da tsayin inci 8, 10, 12 ko 16. Auna naka, ka canza na sama da na ƙasa tare, don sabo ɗaya ba ya daɗewa in ɗan'uwansa ya gaji. Ɗauki sabon ka ji nauyinsa a tafinka. Araha ba ta ado, ɗana. Wajen ɗaurawa a bi a hankali, alminiyom taushi gare shi. In aka matse sukuru da ƙarfi ramin zai buɗe, ya daina riƙewa.

In ka dace da wanda ya hau daidai, ƙara ɗaya ka ajiye, don sauran tagogin ma sa'o'inta ne. Bayan hunturu a goge ƙurar da ta taru a hinji, a ɗiga ɗan mai. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran, Allah ya yi muku albarka.