Shawara ga Wanda Ya Ga Mummunan Hatsari da Idonsa

Wanda ya tsaya a bakin titi ya ga an jera gawawwaki an lulluɓe su da zannuwa, shi ma ya ji rauni ko da jikinsa bai ƙwarzane ba, kuma raunin yana bukatar kulawa. Fashewar tankar mai a Majiya, jihar Jigawa, a Oktoban 2024 ta hallaka mutum fiye da 150, waɗanda suka kwashi gawa da hannunsu kuwa sun koma gida da abin a ransu. Rashin barci, munanan mafarkai da faɗuwar gaba idan an ji ƙarar birki abubuwa ne da aka saba gani, kuma galibi sukan lafa cikin 'yan makonni. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi abin da ka gani, ka koma harkokinka sannu a hankali, ka daina kallon bidiyon hatsarin a WhatsApp, ka guji tiramadol da maganin barcin da ba likita ya rubuta ba.

Wani zai ce tawakkali ya wadatar, kuma namiji ba ya kuka. Ai Annabi (SAW) kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Wani kuma yana tsoron a kira shi mahaukaci, alhali firgita ba hauka ba ce. Idan abin ya wuce wata guda, ko ya hana ka tuƙi da neman abinci, je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato. Idan tunanin kashe kanka ya zo maka, je asibiti nan take.