Wanda Ya Ƙirƙira da Wanda Ya Kwaikwaya

Tambayarmu daga Dungass ta fito, cikin jihar Damagaram. Wani maƙeri ne ke cewa ya ƙera injin ɓare gyaɗa, kafin kaka ta zagayo sai ga irinsa a kasuwannin Magaria da Maigatari. Shin doka na kare mai ƙirƙira? Kwaikwayo kuma na kashe tattalin arziki?

To Malam, sannu da aiki. Akwai takardar mallakar ƙirƙira. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, Kamaru, wadda ke ba da ita. Takardar mallakar ƙirƙira na hana a ƙera abinka ko a sayar ba izininka har shekara 20. Sharaɗi, abin ya zama sabo, kuma a nemi takardar kafin a baje shi a kasuwa. Amma ka lura, Najeriya ba ta cikin OAPI, don haka takardar ba ta aiki a Maigatari.

Amfaninta a fili yake: wanda ya ɓata ƙarfe da gawayi wajen gwaji, in bai mayar da kuɗinsa ba, ba zai sake ba.

Sai dai kwaikwayo ba duka ne ɓarna ba. Daga 1970 zuwa 2005 dokar Indiya ta bar kamfanoninta su kwaikwayi magungunan waje, shi ya sa maganin Indiya ke da araha a kantunanmu. Kai ma, Malam, da kallon hannun maigidanka ka fara.