Hadarin Arewa tafiyayye ne

Aikina shi ne duba hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, masu shigowa kowane minti 15, da tattara abin da ma'aunan ruwa suka kama a ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri. Ina son manomanmu su gane cewa yawancin hadarin damina ba a kanmu yake haɗuwa ba. Can gabas yake tasowa, sau da yawa da la'asar a duwatsun Ayar, gizagizai su jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, iskar gabas ta sama ta koro shi yamma da gudun kilomita 50 a awa ko kusa da haka. Irin wannan jerin hadari ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel, shi ya sa a 2006 masanan shirin AMMA suka kafa na'urar rada a Yamai don su ga cikinsa.

Kowa ya san yadda yake isowa. Gabas ta yi ja, zafi ya yanke, iska mai sanyi ta taso da ƙura har ba ka ganin rumbun maƙwabcinka. Wannan iskar daga cikin hadarin take faɗowa, ita ke yaye kwano, ita ke binne sabuwar shukar gero da rairayi. Sai ruwa mai ƙarfi da tsawa na rabin awa zuwa awa, sannan yayyafi na awa biyu ko uku. Yayyafin ne ke shiga ƙasa. Na farkon, saman fako yake bi ya gangaro daga duwatsu, ya cika koramu, ya nufi Dallol Mawri.

Abin da ya fi damuna, binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna mafi tsananin waɗannan hadura sun ninka uku a Sahel tun 1982, saboda ɗumamar Sahara. Gidajenmu na laka ba a gina su don irin wannan ruwan ba.

Amma tafiyar hadarin na ba mu lokaci. Daga Ƙonni zuwa Dogon Dutsi yana cin kusan awa uku. Wani hadarin yakan mutu a hanya, duk da haka in ɗan'uwa ya kira waya daga gabas ya ce iska ta taso, a ɗauke shanya, a komo da yara masu kiwo. Kada a fake gindin gawo saboda aradu. Kuma korama na iya kawo ruwan da ya sauka bisa tudu can nesa ko da ɗigo bai taɓa garinku ba, don haka kada a sa amalanke cikinta sai ruwan ya janye.